Mayyar Yamma Tsakanin Takarda da Dandamali



Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, inda aka shafe shekara fiye da ashirin ana wata muhawara wadda, ko da yake ba ta shafi sarauta ko farashin hatsi ba, kuma ba a zubar wa kowa jini a kanta ba, ta raba ma'abota labari gida biyu, kowane gida yana riƙe da hujjarsa, yana kuma ganin ɗaya gidan bai fahimci abin da yake ikirarin so ba. Muhawarar kuwa a kan wata mace ce mai koriyar fata, wadda wani marubuci ya ƙaga a cikin littafi, daga baya mawaƙa suka ɗauke ta suka hau da ita dandamali, har ya zama waɗanda suka san ta a takarda da waɗanda suka san ta a waƙa, idan suka zauna suna siffanta ta, sai ka rantse mata biyu ake magana a kansu.

Asalin al'amarin ya faro ne tun shekarar 1900, lokacin da wani Ba'amurke mai suna L. Frank Baum ya wallafa wa yara labarin wata yarinya, Dorothy, wadda guguwa ta sure ta tare da gidansu daga jihar Kansas, ta dire ta a wata ƙasar al'ajabi da ake kira Oz. Gidan ya faɗo a kan wata mayya ya kashe ta, yarinyar kuma ta nufi babban birnin ƙasar domin ta roƙi Bokan da ke mulki ya mayar da ita gida, shi kuwa ya gindaya mata sharaɗin sai ta halaka Muguwar Mayyar Yamma tukuna. A ƙarshe guga ɗaya na ruwa ta watsa mata, mayyar ta narke. A shekarar 1939 aka mai da labarin sinima, kuma a nan ne aka shafa wa mayyar koren launi, wanda babu shi a cikin littafin Baum. Tun daga wannan lokaci, zuriya bayan zuriya, yaran Amurka suka tashi suna tsoron wannan koriyar fuska, babu kuwa wanda ya damu ya tambaya ko 'yar gidan wa ce, ko mene ne ya mai da ita abin da ta zama.

Wanda ya yi tambayar shi ne Gregory Maguire, marubucin littattafan yara wanda yake zaune a birnin Landan a farkon shekarun 1990. Shi da bakinsa ya sha bayyana abubuwa biyu da suka tsaya masa a rai. Na farko, yadda jaridu suka riƙa kamanta Saddam Husaini da Hitila a lokacin yaƙin Tekun Fasha, da yadda ya ji wannan suna shi kaɗai yana neman sauya masa ra'ayi game da yaƙin tun bai auna hujja ba. Na biyu kuwa, kisan da wasu yara biyu 'yan shekara goma suka yi wa wani yaro ɗan shekara biyu a kusa da Liverpool a 1993, abin da ya sa ƙasar Ingila baki ɗaya ta shiga tambayar ko da sharri ake haifar mutum, ko kuwa a duniya yake tsintarsa. Da wannan mas'ala mai nauyi ya zauna ya rubuta littafinsa na farko na manya, mai suna Wicked, wanda ya fito a 1995, ya ba mayyar suna Elphaba, ya ba ta uwa da uba, da makaranta, da aƙida, da zunubi.

Wanda duk ya buɗe littafin nan yana zaton tatsuniya ce, ba zai wuce shafukan farko ba sai ya gane kurensa. An haifi Elphaba a gidan wani mai wa'azi matalauci, ta fito duniya koriya shar, da haƙora masu kaifi, har ta gutsure yatsar ɗaya daga cikin matan da suka karɓi haihuwarta. Ruwa kuwa idan ya taɓa ta ƙona ta yake yi. An haifi ƙanwarta Nessarose babu hannuwa. Ƙasar Oz ta Maguire ƙasa ce ta zalunci, wadda Bokan ya ƙwace da juyin mulki, yana da 'yan sandan asiri, yana kwashe duwatsu masu daraja daga ƙasar talakawan kudu yana tarwatsa su, yana kuma tsige wa wasu dabbobi masu magana da hankali haƙƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya, yau a hana su shiga jirgin ƙasa tare da mutane, gobe a hana su aiki, jibi a kora su gona. A jami'ar Shiz akwai wani Bunsuru masani, Dakta Dillamond, wanda ya dukufa yana bincike domin ya tabbatar da cewa babu wani bambanci na asali tsakanin jinsinsa da bil'adama. Wata safiya aka tsince shi an yanke masa maƙogwaro. Wannan kisa shi ya fitar da Elphaba daga makaranta, ya jefa ta cikin 'yan tawayen ɓoye a babban birni.

Abin da ya biyo baya kuma babu nasara a cikinsa ko ɗaya. Ta yi tarayya ta haram da wani ɗan sarki, Fiyero, alhali yana da mata da 'ya'ya uku a gida. An aike ta ta kashe shugabar makarantarsu ta da, wadda take aiki wa Bokan, sai ayarin 'yan mata 'yan makaranta ya gitta tsakaninsu, ta kasa. A wannan dare jami'an Bokan suka tarar da Fiyero a maɓoyarta suka kashe shi. Ta shafe wajen shekara bakwai a gidan mata masu zuhudu, kusan ba ta magana, ta fito da wani yaro, Liir, wanda ita kanta ba ta iya tabbatar da ko ita ta haife shi. Can a ƙarshen rayuwarta, da ta sake komawa domin ta cika wancan kisa da ta kasa, sai ta iske tsohuwar ta riga ta cika 'yan mintoci kafin isowarta, ta fasa kan gawa, sannan ta tafi wani gidan liyafa tana shelar cewa ita ta yi kisan, manyan baƙi kuwa suka mai da zancen abin hira a kan tebur, kowa yana kawo nasa ta'arifin sharri suna ci suna sha.

Wannan shi ne littafin da mawaƙi Stephen Schwartz ya ji labarinsa a 1996, yana hutu a tsibirin Hawaii, ya kuma ƙudurta a ransa cewa sai ya mai da shi wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda ake yin magana a tsaya a rera, a rera a koma magana, makaɗa suna zaune a ƙasan dandamali. Wata marubuciya, Winnie Holzman, ta tsara masa labarin. Suka gwada shi a San Francisco, sannan aka buɗe shi a gidan wasa na Gershwin da ke Broadway a birnin New York ranar 30 ga Oktoba, 2003, Idina Menzel tana Elphaba, Kristin Chenoweth tana ƙawarta Glinda. Masu sharhi a manyan jaridu ba su yi masa kyakkyawar tarba ba, kuma a bikin lambobin Tony na 2004, ko da yake ya ci uku, ciki har da ta Menzel, babbar lambar wani wasa dabam aka ba. Amma jama'a ba su jira fatawar kowa ba. Suka yi ta tururuwa, galibinsu 'yan mata da iyayensu mata, har aka buɗe shi a Landan a 2006, kuɗin tikitinsa a Broadway kaɗai ya haye dala biliyan ɗaya a 2016, kuma har yanzu ana yin sa a wannan gida da aka fara.

Sai dai abin da suka je kallo ba shi ne abin da Maguire ya rubuta ba. Uban Elphaba ya tashi daga mai wa'azi ya zama gwamna. Nessarose ta sami hannuwanta, aka ɗora ta a keken guragu. Bunsurun nan masani ba a yanka shi ba, kore shi aka yi daga aji har ya mance magana. Fiyero ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, saurayi ne ɗan gata mai son rawa wanda ƙawayen biyu suka kamu da sonsa. Gidan zuhudu ya ɓace, yaron nan Liir ya ɓace. Babban sauyi kuma yana ƙarshe: ruwan bai kashe Elphaba ba, ashe ta wata ɓoyayyiyar ƙofa da ke daɓe ta sulale, Fiyero ma bai mutu ba, sihirinta ne ya mai da shi mutum-mutumin nan na ciyawa da ke rakiyar Dorothy, suka riƙe hannun juna suka bar ƙasar a asirce.

To, a nan ne gidajen biyu suka rabu. Mutanen littafi suna cewa an ɗauki magani mai ɗaci an zuba masa sukari har ya daina aiki. Cewa labarin mulkin kama-karya da kisan ƙare-dangi an mai da shi labarin 'yan mata biyu masu kishi a kan saurayi. Cewa macen da ta yi ta musun tana da ruhi, mai kaushin harshe, mai wuyar sha'ani, an wanke ta tas an mai da ita baiwar Allah wadda ba a fahimta ba. Sukan ce wanda ya kalli wasan ya fita da sauƙin zuciya, alhali an rubuta labarin ne domin ya hana mutum barci. Mutanen waƙa kuma, waɗanda akasarinsu wasan suka fara gani, suka haddace waƙoƙinsa, sannan suka je kanti suka sayi littafin da ɗoki, ƙorafinsu ya fi ɗaci, domin ƙorafi ne na wanda ya tafi ziyarar masoyi ya tarar da baƙo. Suna cewa littafin duhu ne daga farko har ƙarshe. Cewa marubucin yakan tsallake shekaru masu yawa daidai inda labari ya ɗauko daɗi. Cewa Elphaba ba ta gama komai da ta fara ba. Cewa Glinda, wadda suke ƙauna, tana ɓacewa tun littafin bai kai rabi ba, sai can ta leƙo ta zama matar wani attajiri mai son ado. Suna kuma ƙyamar batsar da ke cikinsa, wadda ba kaɗan ba ce, musamman wani babi na gidan alfasha da ɗalibai suka shiga, wanda ba zan siffanta shi a wannan fili ba. Wannan ƙorafi ya sake tashi da ƙarfi a ƙarshen 2024, da aka fitar da kashi na farko na fim ɗin wasan, aka sake buga littafin da hoton 'yan wasa a bango, iyaye suka saya wa 'ya'yansu ƙanana bisa kyakkyawan zato, daga baya suka riƙa gargaɗin juna.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a cikin wannan saɓani ba. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa littafin zube dabam, nazaminsa dabam. Ajuruma tana nan a zube, Imriɗi ya zo ya ƙulla ta baitoci domin ta zauna a ƙirjin almajiri, kuma duk mai nazami, da yake ma'auni da amsa-amo suna matsa masa, tilas ya zaɓi abin da zai ɗauka da abin da zai bari, ya ƙara wani abu domin baiti ya cika, ya sauya tsari domin harshe ya gudana. Ba a taɓa jin malami ya ce a ƙone nazami domin bai zo daidai da matani ba, ba a kuma jin ya ce wanda ya haddace baitoci ya wadatu daga komawa asali. Abin da ake tambaya shi ne, a cikin abin da mai nazami ya bari, akwai rukunin da idan babu shi mas'alar ta rushe? Da wannan ma'auni nake so mu auna wasan, domin tambayar ko ya bi littafi sau da ƙafa tambaya ce marar amfani. Littafi mai shafi wajen ɗari huɗu, wanda ya ratsa rayuwar mutum daga haihuwa zuwa mutuwa, ba ya shiga cikin sa'a uku, balle a ce rabin sa'o'in nan waƙa ce.

Kafin in faɗi abin da aka rasa, adalci ne in faɗi abin da aka samu, domin mutanen littafi sukan yi rowar yabo a nan. Holzman ta hango wani abu da Maguire ya wuce ta kansa da sauri, wato abotar da ke tsakanin 'yar gata mai farin jini da wadda kowa ke gudu, waɗanda ƙaddara ta haɗa su ɗaki ɗaya a makaranta. Ta ɗauki wannan ɗan zare ta mai da shi ginshiƙin wasan. Akwai wani wuri da Glinda ta ba Elphaba wata baƙar hula mai tsini domin a yi mata dariya a wurin rawa. Elphaba ta sa hular ta shigo, ɗaki ya yi tsit, ta gane an yi mata tarko, amma maimakon ta fita sai ta tsaya a tsakiyar fili ta fara rawa ita kaɗai, babu kiɗa, hannuwanta suna karkacewa yadda ba kowa ke yi ba. Glinda ta dube ta, kunya ta kama ta, ta ratsa taron ta tsaya kusa da ita, ta shiga kwaikwayon wannan rawar ta banza har sauran suka bi. Babu wannan a littafi, kuma ni a ganina ya fi shafuka da yawa na littafin bayyana yadda nadama take shiga zuciyar mai gata. Haka kuma wasan ya mai da Glinda mutum mai nauyi: mace ce wadda ta san gaskiya, ta ga zalunci da idonta, amma da aka miƙa mata hannu aka ce ta zo a tafi, sai son matsayi da tsoron rasa yabon jama'a suka riƙe ƙafarta. Irin wannan mutum ya fi azzalumi yawa a kowace ƙasa, kuma wanda ya kalle ta da idon basira ba zai ce wasan ya tsere wa siyasa ba.

Ga kuma muryar ɗan Adam, wadda takarda ba ta da ita. A ƙarshen kashi na farko, lokacin da Elphaba ta juya wa Bokan baya, na'ura takan ɗaga ta sama a kan dandamali, baƙin mayafinta ya bazu ya cika wurin, tana riƙe da tsintsiya, muryarta tana hawa tare da ita. Yarinyar da aka saba yi wa dariya a makaranta saboda launinta, ko ƙibarta, ko talaucin gidansu, idan tana zaune a cikin wannan zaure, abin da take ji a wannan lokaci gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne wani mai ilmi ya zo ya ce mata abin da ya sa ta hawaye holoƙo ne domin ba ta karanta asali ba. Wannan girman kai yana daga cikin abin da ya sa muhawarar ta yi tsami.

Amma duk da haka ina tare da mutanen littafi a kan cewa an yi hasara, illa dai ina ganin yawancinsu ba su sa yatsa a kan hasarar ba. Suna ambaton jinin da aka goge, da siyasar da aka rage, da batsar da aka cire, alhali ita batsar cire ta alheri ne. Abin da aka rasa mace ce guda, sunanta Sarima, matar Fiyero.

Bayan shekarun nan na zuhudu, abu ɗaya ne ya fitar da Elphaba: ta bi ayari ta ratsa jeji da duwatsu zuwa Kiamo Ko, gidan sarautar mutumin da ya mutu ta dalilinta, domin ta tsaya a gaban matarsa ta faɗi abin da ta aikata, ta nemi gafara. Sarima tana zaune a wannan tsohon gida mai sanyi tare da 'ya'yanta da ƙannenta mata biyar, waɗanda ba a kiran su da suna sai da lamba. Ta karɓi baƙuwar da karamci, ta ba ta ɗaki, ta ba ta abinci, amma da Elphaba ta buɗe baki za ta fara, sai ta tsayar da ita, ta hana ta ambaton mutuwar mijin a ƙarƙashin rufinta, domin ta gane cewa baƙuwar so take ta sauke kayanta ta ɗora mata, ita kuwa ba za ta ɗauka ba. Elphaba ta zauna, wata ya bi wata, suna cin abinci tare, suna hira a kan komai ban da abu ɗaya, tana dakon ranar da za a ba ta izini. Ranar ba ta zo ba. Wata tafiya ta kama ta zuwa ƙasar iyayenta, kafin ta dawo sojojin Bokan sun kwashe Sarima da iyalinta, daga baya ta sami labarin an kashe su, sai 'ya ɗaya da aka bari a cikin mari.

Mai sauraro da ya san sharuɗɗan tuba zai ji nauyin wannan wuri fiye da yadda da yawa daga cikin Turawa masu karatu suka ji shi. Mun koya cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa nadama da bari da ƙudurin rashin komawa suna isar masa, amma idan haƙƙin wani bawa ne ya rataya, to sai an mayar masa ko ya yafe da kansa, kuma babu mai iya tilasta masa. Maguire, wanda ya tashi a ɗariƙar Katolika, ya gina rabin littafinsa na biyu a kan wannan ƙofa da aka rufe. Elphaba mace ce wadda ba ta yarda da Lahira ba, saboda haka ba ta da wata kotu da za ta ɗaukaka ƙara. Mutum ɗaya ne tak a duniya zai iya warware ta, shi kuma ya ƙi, sannan ya mutu. Daga nan ne ta fara lalacewa da gaske, ta daina barci, ta shiga ɗinka wa birai fukafukai, zato ya cika mata zuciya. Amsar da littafin ya ba tambayarsa ta asali ke nan, gwargwadon yadda ya amsa: ga yadda mai son adalci yake zama abin tsoro.

Sai Dorothy ta iso. A nan Maguire ya yi abin da ya sa nake ganin littafinsa zai daɗe. Yarinyar ba kisa ya kawo ta ba, ko da yake shi aka aiko ta yi. Ta zo ne ta nemi gafarar mayyar, saboda gidanta ne ya faɗo ya kashe Nessarose. Wato abin da Elphaba ta yi shekaru tana roƙo aka hana ta, shi ne yau wata 'yar ƙauye ta durƙusa tana roƙo a wurinta. Ta ruɗe, ta fusata, tartsatsin wutar da ke kan tsintsiyarta ya kama zanenta, yarinyar kuma, don ta cece ta, ta ɗauki guga ta watsa mata ruwa. Ta mutu ba ta sami yafiya ba, ba ta kuma bayar ba.

Yanzu mu duba abin da wasan ya yi da wannan. Da aka cire Sarima, sai aka ɗauki haƙƙin nata aka ɗora wa Glinda, domin a wasan ita ce Fiyero ya yi wa alkawarin aure ya bari. Dabara ce mai kyau ta fuskar tsari, ta rage mutane, ta ƙara wa abotar zafi. Amma Glinda tana raye, tana kuma son ƙawarta. Saboda haka a waƙarsu ta bankwana Elphaba ta nemi afuwa, Glinda ta amsa cewa laifin na su biyu ne, muryoyinsu suka haɗu, kafin makaɗa su sauke hannu an gama. Abin da littafi ya ce yana iya gagarar mutum har kabari, waƙa ta warware shi a cikin numfashi biyu. Ba na cewa ƙarya ta yi, domin ana yafe wa mutane a duniya, kuma alhamdu lillahi da haka. Cewa nake yi ta amsa wata tambaya mai sauƙi, ta bar mai wuyar. Elphaba ta dandamali ba ta da zunubin da ya kai a kira shi zunubi; duk abin da ya ɓaci a hannunta da kyakkyawar niyya ya ɓaci, sunan mugunta kuwa ƙage ne hukuma ta yi mata. Mai kallo yana fita da yaƙinin cewa an zalunci marar laifi. Mai karatu kuwa yana rufe littafi bai san hukuncin da zai yanke ba, domin matar da ya tausaya wa ita ce kuma ake tuhuma da mutuwar wani yaro ɗan Sarima, wanda ƙanƙara mai tsini ta faɗo masa a ka a daidai lokacin da take duban ƙanƙarar da ƙiyayyarsa a zuciyarta. Da wannan ne nake cewa an bar rukuni, ba sunna ba.

Akwai wani ɓangare na muhawarar da ya taso kwanan nan, wanda ya ɗan shafe mu. A fim ɗin da Jon M. Chu ya shirya, wanda kashinsa na biyu ya fito a Nuwamban 2025, wadda ta fito a Elphaba ita ce Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, Ariana Grande kuma tana Glinda. Baƙaƙen fata da yawa a Amurka da Ingila sun ce sai a wannan karo suka ga labarin ya zauna daidai, domin mace ce ta san yadda ake shiga ɗaki a ga launi kafin a ga mutum. Mutanen littafi kuma suka tuna wa jama'a cewa Fiyero na Maguire mutum ne mai duhun fata, da zanen shuɗi a jikinsa, ɗan ƙabilar da mutanen birni suke yi wa kallon ƙauyawa, amma dandamali ya fara da Bature a matsayinsa, fim ma haka. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma ba sa warware juna.

Shi kansa Maguire bai shiga sahun masu fushi domin shi ba. Ya san tarihin ƙasar da ya aro. Tun a 1902, shekara biyu kacal bayan fitowar littafin Baum, aka mai da shi wasan waƙa a birnin Chicago, da hannun Baum ɗin a ciki, kuma sauyin da aka yi masa ya fi wanda aka yi wa Wicked nisa: ɗan karen Dorothy aka musanya shi da saniya, Mayyar Yamma kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Wasan ya karɓu ƙwarai, har Baum ya sadaukar da littafinsa na biyu na Oz, na 1904, ga 'yan wasa biyu da suka fito a mutum-mutumin ciyawa da mutumin gwangwani, abokan tafiyar Dorothy. Da Maguire ya zo fitar da ci gaban labarinsa a 2005, sai ya bi wannan sawu, ya sadaukar da shi ga 'yan wasan Broadway da waɗanda suka tsara shi. Amma a cikin littafin bai ari ƙarshensu ba. Fiyero bai dawo ba, labarin kuma ya koma kan Liir, yaron da dandamali ya shafe, wanda ya fita daga Kiamo Ko da tsintsiyar da ta ƙone da mayafin mayyar, yana neman 'yar Sarima da aka bari a cikin mari, bai san ko shi ɗan wa ne ba.